Transformers One: D-16 ne ya ci amana, ko Orion Pax ne ya ƙi fahimtarsa?

Abban Sadiq:
Assalamu alaikum jama'a. Wanda bai kalli Transformers One ba, kuma ba ya so a fasa masa ƙwai, ya tsallake wannan zance, domin har ƙarshen fim ɗin zan faɗa.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin da aka yanke wa D-16. Ku duba yadda aka fara. Shi da Orion Pax duk mahaƙa ne a ƙarƙashin birnin Iacon, kullum suna cikin rami suna tono Energon, makamashin da suke rayuwa da shi, ba su da kog ɗin nan da ke sa mutum-mutumi ya rikiɗa ya zama mota ko jirgi. An gaya musu haka aka halicce su. D-16 ya yarda. Shi ne mai bin doka, shi ne mai cewa a yi aiki a yi haƙuri, shi ne yake ganin Sentinel Prime, shugaban birnin, kamar uba. Orion kuwa kullum cikin janyo rigima yake, shi kuma yana fitar da shi. Sai ga shi an wayi gari ya gano cewa Sentinel ne ya ci amanar shugabannin farko ya kashe su, shi ne yake kwasar Energon ɗin da suke haƙowa yana miƙa wa Quintesson, maƙiyan da ya ce an kora, kuma shi ne ya sa aka cire musu kog tun kafin su buɗe ido don su zama bayinsa. Don Allah wane ne zai ji wannan ya ce a zauna a yi shawara? Ni a ganina D-16 yana da gaskiya da ya kashe Sentinel, kuma korar da Optimus, wato Orion bayan ya zama shugaba, ya yi masa daga Iacon zalunci ne na biyu. Ina so in ji mai ja.

Zee Kaduna:
Wa alaikumus salam. Ni ce mai ja, Abban Sadiq. Ka tsallake wuri ɗaya, kuma shi ne duk fim ɗin. D-16 ya harbi Orion. To mu ce kuskure ne, Orion ne ya shiga tsakani. Amma ya riƙo hannunsa a bakin rami, ya dube shi ido cikin ido, sannan ya sake shi da gangan. Wannan ma Sentinel ne ya sa shi?

Nura Sabon Gari:
Kai, wannan wurin. Sai da na mayar da shi baya na sake kallo. Lokacin da idonsa ya juye ya koma ja, jikina ya yi sanyi.

Abban Sadiq:
Anti Zee, ban tsallake ba. Amma ki tambayi kanki me ya kai Orion gaban bindigar. Don ya ceci wa? Mutumin da ya yanke wa Megatronus, ɗaya daga cikin shugabannin farko, kai ya ɗauke kog ɗinsa ya saka a ƙirjinsa, ya kashe Alpha Trion, wanda ya rage a cikinsu, ya kama D-16 ya zana masa tambari a ƙirji da wuta a gaban jama'a yana masa dariya. Abokinka na ƙut da ƙut ya ga duk wannan, sannan ya tare wa azzalumin harsashi. A idon D-16, Orion ya riga ya zaɓi ɓangare.

Injiniya Bala:
Bari in sa baki, domin ina ganin ku biyun kuna riƙe da rabin magana ne.

Abban Sadiq, fushin D-16 halas ne, babu wanda ya kalli fim ɗin da zai musa. Masu fim ɗin ma ba su musa ba, shi ya sa suka ɓata kusan rabin lokacin suna nuna mana yadda ya yarda da Sentinel da zuciya ɗaya. Orion bai taɓa yarda da tsarin ba tun farko, kana ganinsa yana satar shiga ɗakin ajiyar tarihi yana neman labarin Matrix, abin da ke tabbatar da shugaban gaskiya a duniyarsu, don haka da gaskiya ta fito bai yi asarar komai ba, sai ma ya samu abin da yake nema. D-16 kuwa duk abin da ya gina rayuwarsa a kai ya rushe a rana ɗaya. Wanda ya fi yarda shi ya fi jin ciwon yaudara.

Amma ka lura da lokacin da aka yi harbin. An riga an tona asirin Sentinel. An haɗa ƙwaƙwalwar Airachnid, mataimakiyar Sentinel, da na'urar watsa labarai, duk Iacon sun ji shi da bakinsa yana faɗin abin da ya aikata. Mahaƙa sun tashi, dakarunsa sun watse, shi kansa yana ƙasa yana jan jiki yana roƙo. Mulkinsa ya ƙare kafin D-16 ya ɗaga bindiga. Kisan bai 'yanta kowa ba, domin an riga an 'yantu. Kuma abin da ya biyo baya shi ne hujjata mafi ƙarfi: da ya raba Sentinel gida biyu, bai tsaya ba. Ya ciro kog ɗin Megatronus ya saka wa kansa, ya raɗa wa kansa suna Megatron, ya juya bindiga kan birnin, ya ce a rushe komai, a bi duk wanda ya taɓa bin Sentinel. To su wa suka bi Sentinel? Kowa da kowa. Har shi kansa jiya-jiya. Mahaƙan da yake cewa yana rama musu suna ƙasa gine-gine suna zubo musu a ka. Optimus bai kore shi don ya kashe Sentinel kaɗai ba, ya kore shi ne domin ya fara zama wani Sentinel ɗin tun gawar na farko ba ta huce ba.

Maman Ilham:
Injiniya ka gama magana. Ni tun wurin Starscream, shugaban tsofaffin dakarun da ke ɓoye, na san yaron nan ya tafi. Yadda ya shaƙe shi a gaban dakarunsa, yana jin daɗin ihun da ake masa, ka ga fuskar Orion a lokacin? Ya ga abin da ke zuwa.

Abban Sadiq:
Hajiya, wurin Starscream ai shi ya nemi faɗan. Kuma waɗannan dakarun, shekara da shekaru suna ɓoye a saman duniyar sun san gaskiya, sun kasa taɓuka komai. D-16 ne ya zo ya tashe su.

Injiniya, na ji bayaninka kuma akwai nauyi a ciki. Amma ka amsa mini wannan: wace kotu za a kai Sentinel? Wa zai yi masa shari'a? Duk manyan birnin yaransa ne. Orion bai taɓa faɗin abin da zai yi da shi ba, cewa kawai yake kada a fara sabon zamani da kisa. Magana mai daɗi ce, amma mai daɗin faɗa ga wanda ba a zana wa ƙarfe mai zafi a ƙirji ba.

Injiniya Bala:
Wannan tambayar taka gaskiya ce, kuma ina ganin nan fim ɗin ya yi rauni. Bai ba Orion amsa ba. Minti 104 ne duka, kuma sun kashe da yawa a tseren Iacon 5000 da surutun abokin tafiyarsu B-127. Da sun rage can sun ƙara zama ɗaya tsakanin abokan biyu bayan sun bar kogon Alpha Trion, inda kowa zai faɗi abin da yake so a yi da Sentinel, da hujjar Orion ta fi tsayuwa da ƙafarta. Yadda aka yi shi, sai Matrix ta zo ta raba gardama: Orion ya faɗa tsakiyar Cybertron, duniyar tasu, aka ba shi ita, ya dawo a matsayin Optimus Prime. Wato daga sama aka ce shi ne mai gaskiya. Mai kallo irinka yana da damar ya ce bai gamsu ba.

Kawu Tanko:
Yara, ku bari tsoho ya ce wani abu. Ni na san waɗannan mutanen tun a kaset ɗin bidiyo, lokacin da yawancinku ba a haife ku ba.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, Megatron na asali ba shi da wani dalili. Mugu ne kawai. A 1984 kamfanin Hasbro na Amurka ya ɗauko kayan wasan yara na kamfanin Takara na Japan, waɗanda ake kira Diaclone da Micro Change, ya haɗa su wuri guda, ya ba Marvel aikin ƙirƙiro musu labari da sunaye don a sayar. Bob Budiansky ne ya raɗa sunan Megatron, Denny O'Neil kuma ya raɗa Optimus Prime. Ɗaya babbar mota ce, ɗaya ƙaramar bindiga ce, an ce wannan nagari wannan mugu, shi ke nan. Sunan Orion Pax ya fara fitowa a katun ɗin talabijin a 1985, a wani kashi mai suna War Dawn. A can ma'aikacin tashar dakon kaya ne, yana sha'awar Megatron daga nesa, Megatron ya zo ya harbe shi, Alpha Trion ya sake gina shi ya zama Optimus. Budurwarsa Ariel ita ce ta zama Elita One. Babu wata abota tsakaninsu a wancan labarin.

Sai daga baya marubuta suka fara tambayar me ya mayar da shi haka. A littattafan zane na kamfanin IDW, a 2007, aka mayar da shi mahaƙi wanda aka zalunta. A wani littafi na 2010 mai suna Exodus aka ce ɗan damben fage ne a birnin Kaon, Orion kuma magatakarda ne a ɗakin tarihi na Iacon, suka yi abota ta hanyar musayar ra'ayi kafin su ɓata. To wannan fim ɗin ya ɗebo daga can da can, amma ya yi abin da ya fi duka zafi: ya sa su a rami ɗaya, aji ɗaya, wahala ɗaya. Ba za ka ce ɗaya ɗan gata ne bai san yunwa ba. Shi ya sa muhawararku ta ƙi ƙarewa, kuma ni wannan ne ya sa na ɗauki fim ɗin da daraja. Shekara 40 cif da fara labarin kafin a samu fim ɗin silima da ya sa na ji tausayin Megatron.

Zee Kaduna:
Allah ya ƙara girma, Kawu. Ban san Elita ta daɗe haka ba. Ni ita ce ma ta fi burge ni. Ita aka rage wa muƙami saboda Orion ya karya doka wajen ceto Jazz da rami ya rufta, ita ma an cire mata kog, ita ma an yaudare ta. B-127 ma an jefa shi hawa na 50 a ƙarƙashin ƙasa yana ƙona shara shi kaɗai har ya fara hira da tarkacen ƙarfe. Su huɗu aka cuta, su huɗu suka ji gaskiya a kogo ɗaya. Ɗaya ne kawai ya zaɓi ya ƙone gari. Abban Sadiq, wannan fa?

Abban Sadiq:
Su ukun ba su so Sentinel kamar yadda ya so shi ba. Kuma su ukun ba a durƙusar da su an yi musu tambari ba. Ki tuna da 'yar takardar nan mai hoton Megatronus da Orion ya ba shi kyauta ya manna a kafaɗa. Abin da ya fi ƙauna a duniya ke nan. Sentinel ya ɗauki wannan alamar ya mayar da ita abin wulaƙanci a jikinsa. Ba ciwo ɗaya suka ji ba.

Ɗan Funtuwa:
Ni ku yi haƙuri in karkatar da zancen kaɗan. Na ƙi kallon fim ɗin da daɗewa saboda ba Peter Cullen ne ya yi muryar Optimus ba. Mutumin da yake yin ta tun 1984, har a finafinan Michael Bay, sai a kawo Chris Hemsworth? Da na daure na kalla sai na ga dabarar. A farko murya ce ta saurayi mai rawar kai, tana tafiya tana nauyi, har a jawabin ƙarshe ka ji ta kusa komawa irin ta Cullen. Amma wanda ya cinye fim ɗin Brian Tyree Henry ne. Ka saurari D-16 na farko da Megatron na ƙarshe, sai ka rantse ba mutum ɗaya ba ne.

Kawu Tanko:
Haka ne, ɗana. Cullen ya sha faɗin cewa muryar yayansa Larry ya kwaikwaya, wanda sojan Amurka ne da ya yi yaƙin Biyetnam, kuma shi ya shawarce shi kada ya yi jarumi mai ihu, ya yi mai ƙarfin da zai iya tausasawa. Orion na wannan fim bai kai can ba tukuna, don haka daidai ne a ba wani. Jon Hamm ma ya iya Sentinel, muryar nan mai santsi ta ɗan siyasa da ke sa ka yarda da shi kafin ka gama jin abin da ya ce.

Maman Ilham:
Tunda an karkata, bari in yi wa iyaye nasiha. Kada ku ga katun ku ajiye wa ƙananan yara ku tafi kicin. Babu batsa, babu jini tunda ƙarafa ne, amma akwai yanke kai, akwai raba mutum biyu, akwai aboki ya saki aboki ya faɗa rami. Ƙaramar 'yata ta yi ta tambayata me ya sa ya sake shi, alhali ɗazu suna dariya tare. Ku zauna da su ku kalla, domin za su yi tambaya.

Nura Sabon Gari:
Abin da ya ba ni haushi shi ne fim mai kyau haka bai yi kasuwa ba. Ya fito 20 ga Satumba 2024, abin da ya tara a duniya duka wajen dala miliyan 129 ne. Ku kwatanta da finafinan Transformers na 2011 da na 2014, kowannensu ya haura dala biliyan 1, alhali in ka tambaye ni labarinsu yanzu ba zan iya kawo maka shi ba sai fashe-fashe.

Injiniya Bala:
Dalilan suna da yawa, Nura. Na farko tallar da aka fara saki a watan Afrilu na shekarar. Barkwancin B-127 aka cika ta da shi, manya suka ɗauka fim ɗin 'yan firamare ne suka kau da kai. Iyaye kuma da suka ji sunan Transformers suka tuna da finafinan Bay masu hayaniya. Sai ya faɗa tsakiya, bai samu waɗannan ba bai samu waɗancan ba. Na biyu, mako ɗaya bayan fitowarsa The Wild Robot na DreamWorks ya shigo, shi ma katun ne na mutum-mutumi, ya kwashe iyalai. Na uku, mutane sun riga sun gaji da sunan, kuɗin da finafinan ke samu yana ta raguwa tun 2017.

Amma aikin hannu ba a magana. Josh Cooley ne darakta, wanda ya yi Toy Story 4 ya ci Oscar da shi, kuma kamfanin ILM ne suka yi zanen. Ku duba saman Cybertron lokacin da suka fito daga jirgin ƙasa: ƙasar kanta tana motsi, duwatsu suna tsirowa suna nutsewa, ga barewar ƙarfe suna kiwo. Kuma babu ɗan Adam ko ɗaya a fim ɗin. Wannan ne ya ba su damar su bar mutum-mutumin su zama su ne masu labarin, maimakon su tsaya a bayan wani yaro suna jiran ya gama gudu.

Kawu Tanko:
Fim ɗin katun na Transformers na 1986 ma bai yi kasuwa ba. A cikinsa aka kashe Optimus Prime don a share fage wa sababbin kayan wasa, yara suka fita silima suna kuka, iyaye suka yi ta aika wasiƙun ƙorafi har sai da aka dawo da shi a talabijin. Orson Welles ne ya yi muryar Unicron, babban mugun fim ɗin, ya rasu a 1985 kafin fim ɗin ya fito. Yau shi ne masoya suka fi riƙewa. Tsakaninsa da wannan shekara 38 ne.

Ummi Damagaram:
Sannunku da hira. Na karanta tun daga sama, kuma akwai abin da ban ga kowa ya taɓo ba: laifin Orion kansa. Ba a wurin harbin ba, tun kafin nan. Wa ya ja D-16 cikin tseren Iacon 5000 ba da saninsa ba? Wa ya sa aka jefa su wurin shara? Wa ya ce a hau jirgi a fita sama? Kullum Orion ne yake yanke shawara, D-16 ya biya kuɗin. Bai taɓa tsayawa ya tambaye shi me yake so ba. Da D-16 ya fara canzawa a kogo, yana cewa kashe Sentinel yake so ya yi, Orion ya ji da kunnensa, amma ya ɗauka zafin rai ne zai wuce. Don haka maganar da D-16 ya faɗa kafin ya sake hannunsa, cewa ya gama cetonsa, ba daga sama ta faɗo ba. Tsohon miki ne ya fashe. Ban ce ya yi daidai ba, Anti Zee, kada ki taso mini. Na ce dai abotar tana da tsaga tun kafin Sentinel ya sa mata guduma.

Zee Kaduna:
Ba zan taso miki ba ƙanwata, kin faɗi gaskiya. Amma in ba don rawar kan Orion ba, da har yau suna cikin rami suna yi wa Sentinel tafi.

Abban Sadiq:
Ummi ta faɗi abin da na kasa tsarawa. Injiniya, na karɓi maganarka a kan rushe birnin, wannan ba shi da kariya, kuma sakin hannun ma ba zan tsaya masa ba. Amma kisan Sentinel har yanzu ina nan a kan bakana. Kuma korar ba ta magance komai ba. Ka ɗauki mutum mai ciwo irin wannan, ka haɗa shi da rundunar da ta iya yaƙi, su Starscream da Soundwave da Shockwave, ka ce su fita su bar gari. Me kake tsammani? Optimus da hannunsa ya haɗa rundunar da zai yi ta yaƙa.

Injiniya Bala:
To me zai yi? Ya kashe shi, bayan ya gama cewa ba a fara mulki da kisa? Ya ɗaure shi, alhali rabin masu makamai a birnin suna kiran sunansa? Kuma Quintesson suna nan a sama ba su tafi ba. Duk ƙofar da ya bi akwai wuta a bayanta.

Ummi Damagaram:
Waɗanda suka kashe kallo da rubutu ya fara hawa, ku koma ku jira har ƙarshensa. Akwai ɗan guntun da aka nuna Megatron yana buga wa mabiyansa tambarin nan da wuta, yana raɗa musu suna Decepticon. Tambarin da Sentinel ya zana masa don wulaƙanci, shi yake bugawa a jikin wasu. Abban Sadiq, ka kalli wurin sannan ka dawo mu ci gaba.

Abban Sadiq:
Ban ga wannan ba, na kashe da wuri. Zan duba yau da daddare in sha Allah. Amma ki sani, ko na gani, tambayata ta kotu tana nan, kuma har yanzu babu wanda ya gaya mini wa zai yi wa Sentinel shari'a.